Ɗan tsakon da na tsoma a randa

Ko yau na ji kukan ɗan tsako, sai gabana ya faɗi, don akwai abin da na aikata ina 'yar shekara goma sha ɗaya wanda har in mutu ba zai fita daga raina ba. A wani ƙauye muke kusa da Dawakin Tofa, ni da ƙanwata muna kwana a ɗakin Kaka. Ni ce 'yar gaban goshinta, ni ke cin ƙanzon tukunyarta, kuma kowa a gidan ya san haka.

A gidanmu idan kazar Kaka ta yi ƙyanƙyasa, jikoki take bai wa 'yan tsakin, kowa ya yi kiwon nasa, in Allah ya sa albarka kaza ta zama akuya. Da damina kazar ta ƙyanƙyashe, aka ce in fara zaɓa tunda ni ce babba. Na cafke wani ja mai ƙiba, wanda ya fi kowa gudu. Ƙanwata kuwa, saboda sanyin jikinta, sai da yaran gida suka gama ɗiba aka bar mata na ƙarshe. Ƙafafunsa a ware suke, ba ya iya tsayuwa, ido ɗaya a rufe, uwar ma ta tafi ta bar shi a cikin ɓawon ƙwai. Dariya na yi har da riƙe ciki, na ce mata gara ta haƙa rami tun yanzu.

Ashe ni za a yi wa dariya. Kaka ta ɗauki abin nan ta ɗaure masa ƙafafu da zare don su haɗu, ta shimfiɗa auduga a ƙwarya ta ajiye shi gefen murhu. Ita da ƙanwata suka zama abu ɗaya. Su ɓarza gero su jiƙa, su ɗiga masa ruwa a baki da tsinke, su wanke masa ido da ruwan ɗumi. Ran da ya sanƙame kamar ya mutu, Kaka ta kifa ƙwarya a kansa tana ƙwanƙwasawa a hankali, can sai muka ji ya yi ƙara. Kaka ta rungume ƙanwata tana cewa, "Kai, 'yar nan, hannunki na da albarka!"

Wallahi maganar nan ta tsaya min a wuya. Nawa ɗan tsakon yana can yana bin uwarsa lafiya ƙalau, ba wanda ya taɓa tambayata ya yake. Ƙanzon ma ya koma hannun ƙanwata. Kishi ya cika ni har ba na son jin muryarsu.

Sai na yi tunani irin na yaro: ai ciwo ne ya jawo musu Kaka, to nawa ma ya yi ciwo mana. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, Kaka ta tafi barka maƙwabta. Na kama jan ɗan tsakona na tsoma shi a randa, na ciro, na sake tsomawa. So nake ya ɗan yi rawar sanyi kawai, a sa shi a auduga, a zauna da ni. Amma ina ajiye shi sai ya baje, wuya ya lanƙwashe.

Ƙanwata ce ta ji ihuna ta fito da gudu. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ciro nata majinyacin daga cikin auduga ta sa nawa, ta kifa ƙwarya tana bugawa. "Yaya, ki yi addu'a, zai tashi," in ji ta, tana kuka kamar nata ne. Muka buga har hannu ya gaji. Bai tashi ba.

Da Kaka ta dawo na ce kwatami ya faɗa. Ta dubi hannun rigata a jiƙe, ta leƙa randa ta ga gashin tsako yana yawo a kan ruwa. Na jira duka, ba ta doke ni ba. Zama ta yi ta jawo ni jikinta.

"Kishin me kike yi, 'yar nan? Ke da aka haifa bakwaini. A auduga irin wannan na naɗe ki, kwana arba'in kina ƙirjina, da cokali nake ɗiga miki nono. Mutane na cewa in haƙura. Da kika miƙe sai na sake ki, ba don na daina son ki ba."

Ban taɓa jin labarin ba sai ranar. Na yi kukan da ban taɓa yi ba.

Ɗan tsakon ƙanwata ya rayu, ya zama kaza mai ɗingishi, kuma a ƙyanƙyasarta ta farko ƙanwata ta ce ni zan fara zaɓa. Na ɗauki mafi ƙanƙanta a cikinsu. Yanzu ina da 'ya'ya huɗu, kuma duk ran da ɗaya ya kwanta ciwo, nakan waiwaya in jawo mai lafiyan da ya yi shiru a bakin ƙofa, don na san abin da ke ransa. Abin da na koya shi ne, wanda aka fi tsayawa a kansa ba shi aka fi so ba, shi ya fi buƙata ne a ranar. Ni sai da na kashe ɗan tsakona da hannuna kafin na gane.