Aikin da Zai Iya Biyan Bashin

Shekarar da na gama sakandare, wata kwaleji mai zaman kanta ta ba ni gurbin karanta fannin laifuka da shari'a. Burina in yi aiki da matasan da suka fito daga inda aka tsare su, in raka su kotu, in nema musu makaranta. Kwalejin ta sauke mini wani abu daga kuɗin, sauran kuwa sai dai bashi, kuma sai Baba ya sa hannu ya tsaya mini.

Baba yana sayar da huluna da gyale a kan tebur, kusa da tashar jirgin ƙasa a unguwarmu, Morris Heights. Faransanci ya ɗan yi a Maraɗi kafin ya zo ƙasar Turawa, Turancin takarda yana ba shi wuya. Da na kawo masa takardar, ya ce, "Nuna mini wurin kawai." Ya riga ya shaida wa mutanen masallaci 'yarsa za ta zama lauya. Na sha gaya masa ba haka ba ne, bai ji ba.

Na ce ya dakata zuwa Juma'a. Layin kuɗin ruwa ne bai kwanta mini ba.

Inna ce ta ce in je in ga ɗan aminin Baba, wanda muke kira Yaya, tunda irin karatun ya yi. Na hau jirgin ƙasa mai lamba huɗu, na shiga jirgin ruwa, na isa gidansa a Tompkinsville da azahar. Matarsa ta buɗe mini, ta ce in rage murya, bai daɗe da dawowa ba, aikin dare da na safe ya yi a jere.

Na san Yaya da barkwanci. Wanda ya fito ranar ya rame, ya zaɓi kujerar da ke kallon ƙofa, ya jingina da bango. Na gaya masa burina.

"Ni ma shi na so, ƙanwata," ya ce. "Na ma samu, a wata ƙungiya. Ban cika shekara ba na bari."

Ya juya bayan wata ambulan ya rubuta albashin wancan aikin. Ya cire haraji, ya cire haya, ya cire abinci da kuɗin jirgi, sannan ya rubuta abin da masu bashi ke karɓa duk wata. Ya miƙo mini. Abin da ya rage bai kai ba.

"Sai na zama gandiroba. Nan ne albashin ke isa. Kuma da kwalejin gwamnati na yi, da ta ishe ni samun wannan aikin."

Marfin tukunya ya faɗi a kicin. Kafin in waiwaya Yaya ya miƙe tsaye, hannunsa a dunƙule. Ya daɗe kafin ya zauna. A nan na lura da ɗinki a bayan hannunsa, na tambaye shi.

"Rabon faɗa ne."

"Yaya, me zai hana ka bari?"

"In na bari, ba ni kaɗai za a nema ba. Mahaifiyata ce ta sa hannu."

A jirgin ruwa na kasa zama. Na tsaya riƙe da ƙarfe. Na yi ta hango kaina cikin kaki, ana kulle ƙofa a bayana kowace safiya. In kuma na ƙi, na hango wasiƙar masu bashi ta zo da sunan Baba, yana juya ta, yana neman mai karanta masa.

Kai tsaye na wuce teburinsa. Yana jera huluna.

"Baba, kada ku sa hannun nan."

Ya dube ni. "Sun janye ne?"

"Ni na janye. Ta gwamnati zan shiga, in haɗa da aiki."

"Kina ganin ba zan iya ba?"

Na ce ba haka ba ne, na fara yi masa lissafin. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya juya ga wata mata mai taya gyale. Mako biyu ban da amsa gaisuwa ba abin da ya haɗa mu. Daga baya ya sauko, amma bai sake tambayata karatun ba.

Shekara shida na yi, ina aiki a kantin magani da safe, ina shiga aji da yamma. Na ci bashi kaɗan, da sunana ni kaɗai. Yanzu ina aikin da na so, albashin kuwa kamar yadda Yaya ya rubuta ne. Bana mai gida ya ƙara mana haya, gwiwar Baba kuma ta fara hana shi tsayuwa.

A cikin jirgin da nake hawa akwai tallar ɗaukar gandirobobi, da albashin a manyan baƙaƙe. Da can kau da kai nake yi. Watan jiya na ɗauki hotonta a waya, kuma ban goge ba tukuna.