Rigar da Aka Cire wa Sunan Gari

Shekarun baya ne, kuma mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe mini, sai a yi haƙuri. Lokacin na gama digiri a Guangzhou, ina yi wa 'yan kasuwarmu tafinta.

Ina da aboki ɗan Darfur, mai lodin kwantena, yana jin Hausa irin ta can. Shi da wasu samarin China suna kiɗan rok: jita mai ƙara kamar injin niƙa, ganga, da ihu. Duk waƙoƙinsa a kan kisan ƙare dangi da aka yi wa mutanensu ne. Sau ɗaya na je kallo, na maƙale a bakin ƙofa ina tunanin bizata idan 'yan sanda suka shigo. Ni dai haka Allah ya yi ni.

Da ya ga masu zuwa kallo rawa kawai suke yi, ba sa jin abin da yake faɗa, sai ya buga riguna: hoton jita, wuta na ci a bayanta, a ƙasa sunan ƙauyensu da aka ƙona. Burinsa kawai a riƙa faɗar sunan.

Mun manta halin masu buga kaya a nan: zane in ya yi kyau, ya zama na kowa. Wata rana na raka wani Alhaji ɗan Maraɗi kasuwar Canaan, abokina na biye da mu kan maganar lodi. Sai ga rigar jibge a wani shago, launi-launi. Jita na nan, wuta na nan, sunan babu. Na tambayi mai shagon ko akwai mai sunan.

"Meyo," in ji ta, wato babu. Wai maigidanta ya ce rubutun da bai gane ba, yana iya jawo masa magana.

Alhaji na murza yadin ya ce, "Wannan samarinmu har faɗa za su yi a kanta!"

Abokina ya ce, "Alhaji, wutar nan gidan uwata take ci."

"Wane gida, ɗana?"

Ya ba shi labarin a tsaye, a taƙaice. Alhaji ya yi salati, ya tambayi sunan garin, ya yi ta maimaitawa har ya faɗa daidai. Nan tsakiyar kasuwa ya ɗaga hannu muka yi wa mamata addu'a, mai shago na riƙe da kalkuleta tana jira. Da muka shafa, ya sayi dilolinsa na rigar. "Kasuwa ce, ɗana, ka yi haƙuri."

A hanya abokina ya ce, "To, mutum ɗaya ya ji." Ban san ko farin ciki yake ba.

Tuni ya bar ƙasar, lambarsa ba ta shiga. In na tuna, gajiya nake ji fiye da fushi. Abin da ya fi damuna, ni kaina yanzu ba ni da tabbacin ina faɗar sunan ƙauyen daidai, shi ya sa ban rubuta shi ba. Duk wanda ya san abokina a wancan lokacin, ya gyara mini inda na yi kuskure. Kuma don Allah ya turo mini sunan.