Karkataccen Ɗinkin Khalid

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki shagon Malam Tanko a Unguwar Shanu ya san ba ya saɓa ranar karɓar kaya. Wannan kaɗai ya isa a jinjina masa, don mun san halin teloli idan salla ta matso. In ya ce Laraba, to Laraba ce, ko da zai wuni bai sa komai a cikinsa ba. Amma akwai ɗaya halin nasa, wanda ya kori masu koyon aiki daga hannunsa ɗaya bayan ɗaya: ba ya yafe wa karkataccen layi. Sai ya ɗaga rigar da aka gama sama, ya kanne ido ɗaya, ya miƙa wa wanda ya ɗinka ta reza. Kowa ya san abin da rezar take nufi, a farke a sake.

Da keken hannu ya fara, a kafaɗa, yana zaga Doka da Malali yana kaɗa almakashi, matan gida suna kiransa ya yi musu faci. Daga nan ya kama ɗan shago a bakin layinsu, ya auri Lami, Allah ya ba su 'ya'ya biyu, Khalid da ƙanwarsa Rashida. Ba kaftani ne ya fito da sunansa ba, rigunan ƙwallo ne. Lambar da ake bugawa da inji wanki biyu take yi ta fara ɓarewa. Shi kuwa yanka harafi yake yi da farin yadi ya ɗinke shi a jikin jesi, sai dai jesin ta mutu ta bar harafin. Ƙungiyoyin unguwanni duk wurinsa suke zuwa, alhali shi kansa bai taɓa taka filin ƙwallo ba.

Khalid ɗan fari ne, saboda haka daga uwar har uban babu mai kiran sunansa. Lami "yaron nan" take cewa, Malam Tanko kuma "wancan", ko da yana zaune a gabansa. Uban ya yi shekaru yana fama ya ɗora shi a kan keke, amma ƙafar da take juya ƙwallo yadda ta ga dama sai ta rikice a kan feda. Yaron ya karya allura ba iyaka, ya ɓata yadin mutane, kullum yana dariya. Uban ya kan yi faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi, sannan idan yaron ya fita atisaye ya bi bayansa da kallo har ya sha kwana. Son da yake yi masa ya fi ƙarfin bakinsa, kuma bai taɓa gaya masa ba.

Shekarar da Khalid ya shiga ashirin da 'yan kai, kamfanin lemon kwalba na Dausayi ya sa kofi tsakanin unguwanni. Ya raba wa kowace ƙungiya jesi, da sharaɗin a sa sunansa a ƙirji. Na Unguwar Shanu kore ne, aka kawo su shagon Malam Tanko. Ya ɗinka duka sai guda ɗaya, Khalid ya dafe ta.

"Baba, tawa ni zan ɗinka."

"Kai? Da wane hannun?"

"Da wannan," in ji shi, yana ɗaga masa ƙafa.

Wuni guda ya yi a kanta. Da ya gama, harafin farko ya jingina baya, na ƙarshe ya kama hanyar kafaɗa, zare ya cukurkuɗe a ciki kamar sheƙar tsuntsu. Malam Tanko ya ɗaga ta, ya kanne ido, ya miƙa reza. Karo na farko Khalid ya ƙi karɓa.

"Baba, a bar ta haka. A guje nake, wa zai tsaya duba karkata?"

Ya zura abarsa ya fice yana dariya. Shi ne ɗinki ɗaya tak da ya taɓa kai wa ƙarshe a rayuwarsa.

Ranar wasan ƙarshe, Unguwar Shanu da Malali, unguwa ta watse ta tafi fili bayan la'asar. Malam Tanko yana shago, wai aiki ya yi masa yawa, amma rediyo na kan kanta a kunne. Kamfanin ne ya sayi lokacin a wani gidan rediyo, mai sharhin kuma Ja'afaru ne, mutum mai baki, wanda samari suke so saboda ba'arsa. Da ya kurma ihun cewa Khalid ya ci, ƙafar Malam Tanko ta tsaya cak a kan feda. Ya waiwaya ya ga ba mai kallonsa, ya yi murmushi, ya ci gaba da aiki.

Ana dab da tashi, ci ɗayan nan yana nan, sai muryar Ja'afaru ta canja zuwa dariya.

"Jama'a, ga Khalid ya zube, kuma wallahi ko iska ba ta taɓa shi ba! Ɗan wasan kwaikwayo ke nan, so yake ya cinye lokaci. Yaran Unguwar Shanu, ƙarya a jininsu take. Tashi, malam, mun gano ka, ba mutuwa ka yi ba!"

Malam Tanko ya ji kunya ta rufe shi. Ya ja tsaki, ya ce wa rediyon, "Tashi mana, kada ka ja mana zagi."

Bai tashi ba. Mansur, kyaftin ɗin ƙungiyar, shi ya zo shagon da takalmin ƙwallo a ƙafarsa, ya tsaya a ƙofa ya gaya masa Khalid ya rasu. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya. Washegari da safe aka kai shi makwancinsa. Jesin da aka cire masa Lami ta ninke ta ba ta wanke ba, ta sa a ƙasan akwatinta.

Kafin a yi sadakar uku, muryar Ja'afaru ta shiga kowace waya a Kaduna. Ana zaune a tabarmar gaisuwa sai ga motar kamfani ta sauke kiret-kiret na lemo, wai gudummawar masu makoki. Samari suka miƙe za su farfasa, Malam Tanko ya ɗaga musu hannu.

"Ku mayar musu cikin mota, kada ku fasa ko ɗaya. Ni ban ce kamfanin ne ya kashe shi ba. Wanda ya ba ni shi ne ya karɓi abinsa, na yarda. Amma a rediyon nan aka ce yaron nan maƙaryaci ne, duk gari ya ji, yana kwance ransa na fita. Abu ɗaya nake so, a koma rediyon a ce bai yi ƙarya ba."

"Baba, in ba su faɗa ba, babu mai sake shan lemonsu a unguwar nan," in ji Mansur.

Aka amsa da kabbara. Zuciyar dattijon ta ɗebe shi, ya ce da ƙarfi, "Wallahi sunan kamfanin nan ba zai sake kwana a gidana ba sai an faɗa!"

Kafin la'asar 'yan ƙungiya sun yi layi a gabansa da jesinsu. Ya zauna nan kan tabarma da reza, yana farke aikin hannunsa, abin da bai taɓa yi ba tun da ya ƙware. Haruffan suna zubewa ƙasa, samari suna tattakawa. Ya gama ya shiga gida zai yi alwala, sai Rashida ta tare shi a tsakar gida, idanunta jajur.

"Baba, ta Yaya fa? Ita ma akwai sunan."

Ya tsaya da buta a hannu. Wallahi ya manta da ita sarai.

Lami tana ɗaki ta ji komai. Ta zauna a kan akwatin, ta haɗa hannuwanta a cinya.

"Malam, ka yi kaffara. Tufatar da miskinai goma ne, kai kuma tela ne. Me ya fi wannan sauƙi a wurinka?"

"A gaban mutane na rantse. Na farke na 'ya'yan wasu, in bar tawa?"

"Wa zai shigo ɗakina ya duba? Da hannunsa ya ɗinka ta, Malam. Ba mu da wani abin da ya yi da hannunsa sai ita."

"Rana tana faɗuwa, Lami. Tashi."

Da a ce wani ne, da ya kai rigar gidan maƙwabci ta kwana can, magana ta ƙare. Amma mutumin da ya yi rayuwarsa bai saɓa ranar Laraba ba bai san wannan hanyar ba. Kuma akwai tsakin nan da ya ja a shago, wanda babu wanda ya ji sai shi da Ubangijinsa, yana cin ransa, yana ganin in bai fi kowa tsanani ba to ya bi sahun Ja'afaru. Lami ta dube shi ta daɗe, sannan ta tashi daga kan akwatin.

Rigar har lokacin tana da ƙanshin jikinsa da ƙasar fili. Ya juya cikinta waje, ya sa reza. Sauran jesin zare ɗaya yake ja layi ya biyo, wannan kuwa ta ƙi. A nan ne ya ga abin da bai tsaya ya gani ba ranar da ya kanne ido. Ga inda yaron ya koma kan layi har sau uku don kada ya saki. Ga inda zare ya tsinke ya ƙulla da hannu, ya datse da haƙori. Ga ɗan ɗigon jini a gefen harafi na biyu, inda allura ta soke shi ya yi shiru bai faɗa ba. Hawaye ya hana Malam Tanko gani, ya goge da hannun riga, ya ci gaba da yanka, ya gama ana kiran magariba. Lami ta durƙusa ta tsince haruffan da guntayen zaren, ta ƙulle a gefen zaninta, ta ba Rashida ta kai gidan ƙanwarta a Malali. 

Ƙauracewar ta yi ƙarfi da farko, ba laifi. Masu shaguna suka juya wa motar kamfani baya, 'yan Malali da aka ci su ma suka shigo, har gidajen biki a Doka aka daina saye. Bayan 'yan makonni kamfani ya sa aka karanta sanarwa, yana ba jama'a haƙuri a kan duk wani rashin fahimta da ya faru. Aka ɗauke Ja'afaru daga sharhin wasanni aka mayar da shi shirin gaishe-gaishe. Aka sa wa filin unguwa fitilu masu aiki da hasken rana, aka raba sababbin jesi, bugun inji. Ga zafi ya shigo, ga lemon Dausayi ya fi sauran sauƙi. Ka san mutanenmu, fushinmu zafi gare shi amma ba ya daɗewa. Aka fara sha a ɓoye, daga baya aka daina ɓoyewa.

Mansur ya zo shago ya durƙusa ya gaida shi.

"Baba, mun yi nasara. Sun ba da haƙuri."

"An faɗa?"

"An faɗi me, Baba?"

"An ce bai yi ƙarya ba?"

Mansur ya sunkuyar da kai yana wasa da maɓallin rigarsa. Malam Tanko bai yi faɗa ba, ya sa masa albarka kawai. Shi dai bai sake kai kwalbar nan bakinsa ba, kuma duk ranar shirin gaishe-gaishe rediyonsa a kunne take. Yana jin Ja'afaru yana miƙa gaisuwar amare da masu jego, yana jira ko zai tsaya ya ce wani abu. Har yau bai ce ba.

Da azumi ya matso, ya yanka yadi ya ɗinka riguna goma, ya raba wa mabuƙata a ƙofar masallaci. Lami ta ji labari ta gane kaffarar rantsuwarsa ya yi. Ta aiki Rashida Malali ta karɓo ƙullin, ta fito da jesin daga akwati, ta kai masa shago da kanta da hantsi, ita da ba ta cika zuwa can ba.

Ya shimfiɗa rigar a kan keke. Sawun allurar Khalid yana nan, ƙananan huji a karkace. Ya jera haruffan a kansu, na farko ya jingina baya, na ƙarshe ya kama hanyar kafaɗa. Ya taka feda. Ya yi niyyar hannunsa ya yi rawa, hannun ya ƙi. Ya saki zare don ya cukurkuɗe, ya tafi sumul. Ko da ya karkata da gangan, karkatar ta fito da tsari, kowane taku daidai da ɗan'uwansa. Shekarun da ya yi yana horar da yatsun nan ba su bar masa hanyar komawa ba.

Lami tana zaune a bencin masu jiran kaya. Ya cire rigar ya miƙa mata. Ta juya cikinta, ta shafa layin da yatsa daga farko har ƙarshe.

"Ya yi kyau, Malam," in ji ta. "Amma ba Khalid ya ɗinka ba."

Tun ranar da aka raɗa wa yaron suna, Malam Tanko bai taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar. Ta ajiye masa rigar a kan keke, ta gyara mayafinta ta tafi gida. Ba ta sake mayar da ita akwati ba.

Rigar tana cikin aljihun teburinsa yanzu. Idan shago ya yi shiru ya kan fito da ita ya farke ya sake gwadawa, har ƙirjinta ya fara yin shara-shara. Rashida ta roƙe shi ya bari kada ta yage. Ya ce to, sau ɗaya kawai ya rage.