Dutse Mai Launin Wuyan Tantabara

Ɗanaudu mahaƙin rijiya ne a Sharabi. Yawancin rijiyoyin da ake sha daga can har Matsinkai aikin hannunsa ne, shi da ƙanensa Muktar. Ɗanaudu mutum ne marar yawan magana, in yana cikin rami ko sallama ba ya amsawa sai ya fito.

Wata damina wani baƙo ya ƙetaro daga Benin a kan babur, ya kwance ƙyalle a tasha. Duwatsu ne masu tsini, kowanne da gefe shida, suna walƙiya shuɗi da kore da ja kamar wuyan tantabara. Ya ce a kwazazzabon bayan Lafagu ya tsince su, wai Turawa na nemansu ruwa a jallo. Ya ba Ɗanaudu ɗaya kyauta. Washegari baƙon ya baza diga da shebur da ƙwayoyin hana gajiya don sayarwa.

Mutane suka bar gero cikin ciyawa, suka tafi Lafagu haƙar dutsen. Ɗanaudu ya san ba a haƙa ƙasa mai yashi da damina, amma Muktar ya nace, shi kuwa bai iya barinsa ya shiga shi kaɗai ba. Ramin ya rufta da hantsi, bayan an sha ruwan sama. Aka zaro Ɗanaudu da karyayyen ƙugu. Muktar sai gawarsa. Baƙon ba a sake ganinsa ba.

Da Ɗanaudu ya fara dogara sanda, ya kai dutsen wajen Atiku, maƙerin azurfa a Bagudo. Atiku ya goga tsinin a jikin kwalba, ya bar mata zane. Sannan ya sa guduma ya ɓalle gindin. Ciki fari tas kamar ƙanƙara.

"Dutsen na gaske ne, irin farin nan na kan tudu," in ji Atiku. "Launin ne na ƙarya. Gasa shi akai cikin inji, aka hura mai tururin ƙarhe. Duba, har inda ya karye tun can an shafe shi da launin. Ƙasa ba ta yin haka."

"Ke nan babu shi Lafagu?"

"Babu shi cikin ƙasa ko'ina, Malam."

Atiku ya ci gaba da aikinsa.

Yanzu igiyar guga yake tufka a zaure, da ita yake ciyar da 'ya'yan Muktar tare da nasa. Sailuba, matar marigayin, har yau ta ɗauka saura kaɗan mijinta ya kai ga dutsen. Ɗanaudu bai gaya mata ba.