Dagin Yaya Usman a Ƙarƙashin Fiffike

Shekara goma sha tara ke nan da muka kai Yaya Usman makwancinsa, kuma har yau hankalina bai kwanta ba. A Makka ba a rubuta suna a kabari. Gidanmu na unguwar Tandabawi kuwa an rushe shi tare da layin gaba ɗaya. Abu ɗaya ya rage na aikin hannunsa, wani tsohon jirgin yaƙi.

Yaya samkari ne, mai gyaran jikin mota. Wani attajiri mai son tsofaffin kaya ya tsinto jirgin a cikin sahara, ragowar yaƙin duniya, ya kawo masa a kan tirela har wurin aikinsa a bayan unguwar Kudai. Mun yi ta yi masa tsiya: garin da ko filin jirgi babu, a nan za ka tayar da jirgi? Ko kallonmu bai yi ba. Ya miƙe duk inda ya lotsa, ya kankare tsatsa, ya yi fenti, jirgi ya fito fes kamar ango. Kafin a ɗauke shi, ya sa ƙusa da guduma ya buga ɗan ƙaramin dagi a ƙarƙashin fiffiken hagu. Haka kakanmu maƙeri yake yi wa duk abin da ya ƙera, tun kafin ya taso daga Kano a ƙafa.

Attajirin ya rasu, magada suka sayar da jirgin, ni kuma na shiga yawo. Aka ce yana Ɗa'ifa, na je na tarar da fili. Aka ce masu yanka ƙarfe sun saye shi, abinci ya gagare ni. Matata ta ce na mai da motata tasi marar fasinja. Ba don kaina kaɗai nake yi ba. 'Yarsa Ruƙayya tana ƙarama ya rasu, ko muryarsa ba ta riƙe ba.

Bana ni da Ruƙayya muka same shi a Jidda, rataye a rufin wani gidan abinci. An cire injin, an lafta masa jan fenti, yara suna cin kaza a ƙarƙashinsa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Da Yaya zai gani, na san ba zai yi faɗa ba, sai dai ya ce fentin nan ya yi kauri.

"Ammi, fen? Ina alamar?" in ji Ruƙayya, wadda ke kirana Ammi, wato Baffa.

Na ɗaga kai har wuyana ya ƙage, ban ga komai ba. Na roƙi ma'aikacin wurin ya ba mu tsani, ya ce mamnu, wato an hana. Ruƙayya ta yi masa Larabcin da ya fi nawa zaƙi, ya kawo. Ni gwiwa ta hana ni hawa, ita ta hau. Ta daɗe tana lalube, sai na ga hannunta ya tsaya cak.

"Ammi, yana nan! Fenti ya rufe shi, bas ina jin sa."

Na ce ta sauko. Ta ce in bar ta tukuna.

Yanzu kuma an ce gidan abincin zai tashi bayan Hajji, kuma ba wanda ya san inda za a kai jirgin. Allah ya jiƙan Yaya. Zan sake bin sawun, amma wannan karon Ruƙayya ta ce ita za ta tuƙa.