Sada Mai Injin Niƙa da Ciwon Gidansu

Shekara talatin da ɗaya Sada ya yi yana niƙa wa mutanen Sandamu gero da dawa. Ƙarar inji ta cinye masa rabin ji, shi ya sa ko gaisuwa zai yi sai maƙwabta sun ji. Mahaifinsu, Malam Isyaku, ya rasu da abin da gidan suke kira ciwon manya. Haka ma babban wansu. Dukansu fitsari ne ya fara yi musu wuya, daga baya ƙugu ya riƙe, suka kwanta. Ba wanda ya taɓa faɗin sunan abin.

Da Sada ya kai hamsin da bakwai, sai ya ga yana kashe inji sau biyar kafin azahar don ya kewaya. Matarsa Haulatu ta ce a nemo saiwa.

"Saiwa nawa Baba ya sha?" in ji shi.

Ya hau mota zuwa Daura, daga can aka tura shi asibiti a Kano. Aka kwantar da shi cikin wata na'urar hoto mai kama da bututu, aka kuma tsakuri nama da allura. Bayan mako biyu likitar, Dokta Ummukulsum, ta nuna masa wani ɗan tabo a jikin hoton.

"Baba, sankara ce, a ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Ƙarama ce. In hoto kaɗai za mu bi, sai mu zuba mata ido. Amma tunda ta ɗauki mahaifinka da wanka, ina so ka shiga wani bincike da muke yi. Za mu duba ƙwayoyin halittar da ke cikin naman da jininka, mu haɗa da hoton. Hoto yana nuna inda take da girmanta. Ƙwayoyin halitta su ke faɗin halinta, mai jinkiri ce ko mai sauri."

"Ashe ita ma tana da hali," in ji Sada. "To, a duba."

Da ya dawo, wansa Yahya, wanda yanzu shi ne babba a gidan, ya kira shi zaure.

"Ka ba su jinin gidanmu su rubuta? Gobe a ce zuriyar Isyaku da ciwo a jini. Wa zai zo neman 'ya'yanmu?"

"Yaya, da muka yi shiru, Baba ya tashi?"

"Ka rage murya."

"Ba zan rage ba. Mutum biyu muka binne da ƙaramar murya."

Sakamako ya fito bayan wata guda. Sankarar mai sauri ce, kuma akwai alamar gado a jininsa. Ba a tsaya zuba ido ba, aka yi masa aiki. Ya yi wata uku ba ya iya ɗaga buhu, fitsari yana kufce masa ba shiri, har ya daina zama a sahun gaba a masallaci. Wata rana Haulatu ta tarar da shi a bayan ɗaki yana wanke wandonsa da kansa yana hawaye. Ya ce mata kar ta gaya wa kowa hawayen, amma sauran ta gaya wa wanda ta ga dama.

A sunan jikan Yahya, bayan an shafa fatiha ana raba goro, Sada ya miƙe a cikin maza.

"Jama'a, sankara gare ni, an yanke ta. Ita ta kashe Baba, ita ta kashe wanmu. Duk wanda ya haura arba'in a gidan nan ya je a duba shi. Ni zan raka shi, na san hanya."

Aka dakata da rabon goro. Yahya ya tashi ya shige cikin gida.

Ƙaninsu Audi, mai sayar da taki a Zango, shi ya fara bin sa. Jininsa ya nuna alamar, hotonsa kuwa ya fito fes, aka ce ya riƙa zuwa duk shekara. Sai Musaddiq, babban ɗan Yahya, malamin firamare, ya je ba tare da ya sanar da mahaifinsa ba. Daga baya wasu maza uku da ba 'yan gidan ba suka zo wurin inji da ƙwaryar gero, suka jira mata suka watse, sannan suka tambaye shi yadda ake zuwa a duba mutum.

Yanzu duk wata shida Sada yana zuwa Kano a ɗebi jini, wani lokaci a sake hoto, a ajiye kusa da na baya. Shekara biyu ke nan ba a ga komai ba, ko da yake likitar ba ta ce masa ya warke ba, shi ma bai ce ba.

Yahya dai bai je ba. Kowace Juma'a bayan an sauko, Sada yana zuwa ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce, "Yaya, motar Kano ƙarfe bakwai take tashi." Yahya ya kau da kai ya ci gaba da jan carbinsa.