Ɗangiwa Magini da Kibiyar da Ta Karkace

Ɗangiwa magini ne a Fakku, cikin ƙaramar hukumar Kebbe. Da laka ya fara tun yana saurayi, daga baya ya koma bulo da siminti. Ya gina gidaje da rumbuna da yawa, amma aikin da ya fi ji da shi shi ne masallacin unguwarsu. Da igiya da turaku ya fitar da alƙiblarsa, yana duban fuskar tsohon masallacin Juma'a, yadda maigidansa ya koya masa.

A bana wani ɗan kasuwa mai suna Gazali ya sayo wa masallacin sabuwar lasifika. Kafin a ɗaura ta sai aka ajiye ta a gaba, wurin tsayuwar liman. A nan Gazali ya buɗe manhajar alƙibla a wayarsa bayan la'asar, kibiyar ta karkata kudu sosai. Ya nuna wa liman, liman ya nuna wa dattawa. Kafin magariba unguwa ta ɗauka cewa shekaru ana salla a karkace.

Ɗangiwa bai yi musu ba. Ya faɗa wa matarsa Asiya cewa sallar mutane ce ke damunsa, ba sunansa ba, kuma in kuskuren nasa ne da hannunsa zai rushe bangon.

Ranar da ya zo da diga, Malam Almustapha, malamin kimiyya a Tambuwal, yana garin wajen gaida surukai. Da malamin ya ji labari, ya nemi a gwada masa wayar. A waje kibiyar ta yi daidai da ginin, a wurin liman ta juya. Malamin ya duba gefe, ya karɓi ƙusa ya kai bayan lasifikar. Ƙusar ta manne.

Ya yi musu bayani cewa duniya kanta maganaɗisu ce babba, ita ke nuna wa waya arewa, daga nan wayar ke lissafa alƙibla. Sai dai jan nata ba shi da ƙarfi. Kowace lasifika kuwa da maganaɗisu a cikinta, kuma in yana kusa yakan rinjayi na duniya. Aka fitar da lasifikar, kibiyar ta dawo ta fuskanci bangon gaba.

"Baba, aje diga. Wanga gini daidai yake," in ji malamin.

"Malam, sake gwadawa in gani da idona."

Aka sake. Ɗangiwa ya zauna kan dakali ya daɗe yana hamdala, sannan ya dubi Gazali.

"Alhaji, lasifikarka ta kusa cinye mini bango."

Gazali ya yi ta ba shi haƙuri yana dariya. Da yamma Ɗangiwa ya hau tsani da kansa ya ɗaure lasifikar a saman rufi.